Fallen taba yana tsinkewa wajen shafe: a ƙara zaren itace ko a gyara shi?

Mai tambaya: Salamu alaikum. A hanyar haɗa fallen taba irin ta takarda, inda ake tatse ruwan jijiyar ganyen taba da garin ganyen, a yi falle da ragowar, sannan a shafa masa ruwan daga baya, fallen na tsinkewa da zarar ya jiƙe wajen shafe. In an ƙara zaren itace ya yi ƙarfi, amma hayaƙin sai ya ɗauki warin takarda. Wane gyara ake wa zaren don kaɗan ya wadatar?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da CMC, wato sinadari mai danƙo da ake yi daga selulos (abin da ya gina zaren itace), kafin ka je ga mai wuya. Ka riƙe zaren itacen daban, kada ka haɗa shi da na taba tukuna. Zuba CMC kamar kashi 1 cikin 100 na nauyin busasshen zare, da ɗan gishirin kalsiyam, a zafin da ya kai digiri 80, ka bar shi wajen awa ɗaya. Selulos da CMC duk cajinsu iri ɗaya ne, suna ture juna, kalsiyam ɗin ne ke sa su manne. Zaren zai ƙara kumbura, mahaɗarsa ta yi ƙarfi.

Kada ka nemi ƙarfin ta yawan niƙa. Ruwa zai daina tsanewa a kan raga, fallen ya danƙare, ya ƙi shan ruwan taba.

Malama: CMC na ƙara ƙarfi ne a bushe, shi kuwa nasa a jiƙe yake tsinkewa. Nan TEMPO ya fi, wato sinadarin da ke taimaka wa bilic ya sauya fuskar zaren: giram 0.016 nasa da giram 0.1 na sodiyam buromayid ga kowane giram na zare, a pH 10, a ɗiga bilic kaɗan-kaɗan. Aldehayid, sinadarin da wannan aikin ke samarwa a jikin zaren, shi ke riƙe zare da zare cikin danshi. In bilic ya yi yawa, zaren ya gutsuttsure. A kuma wanke sosai, don ragowar kilorayid na hana taba ci da wuta.

Injiniya: Haka ne, Malama. Abin da zan hana shi shi ne PAE, sinadarin da masu takarda ke sawa don ta yi ƙarfi a jiƙe: yana zuwa da ragowar sinadaran kilorin, kuma wannan abu ƙona shi za a yi a shaƙa. Sitaci mai caji ma, in aka zuba shi cikin kunun taba, dattin da ya narke a ruwan zai cinye shi kafin ya kai ga zare. A kan zaren itacen ake sa shi, sannan a haɗa.