"Da ruwan ciki ake jan na rijiya": har da mai shiga iyo?

Mai Tambaya: Salamu alaikum jama'a. Musu ya kaure tsakanin wa da ƙani. Yaro ya tashi daga cin abinci zai faɗa ruwa, uban ya ce sai ya jira awa guda, kada jijiya ta ɗaure masa ya nutse. Baffan yaron ya ce a ƙyale shi, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Uban ya ce ba muhallin maganar ke nan ba. Wa ya fi gaskiya?

Malamin Iyo: Wa alaikumus salam. Baffan ya fi kusa. Tsoron da ake ji shi ne wai jini zai tattara a hanji ya bar hannu da ƙafa. Jiki ba haka yake aiki ba. Zuciyar babban mutum tana tura kamar lita 5 na jini a minti ɗaya in yana zaune, in ya shiga aikin ƙarfi takan kai lita 20. Kuma da an fara motsi, hanji ake rage wa jini a ƙara wa tsoka. Wato ciki ne ke cutuwa, narkewar abinci ta yi jinkiri. A 2011 kwamitin masana na ƙungiyar Red Cross ta Amurka ya bi rubuce-rubucen likitoci, bai samu wanda ya nutse don ya ci abinci kafin iyo ba.

Dattijo: Malam, kun ja maganar inda ba ta nufa ba. Ruwan ciki a nan jari ne. Sai kana da ɗan abu a hannu kake jawo babba. Ba ruwanta da ƙoshi.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba, ai duka biyun tana ɗauka, mai jan guga da yunwa ba ya kai shi baki. Amma kada a ce babu komai. Abinci mai nauyi yakan yi awa 2 zuwa 4 kafin ya bar ciki, mai maiƙo ya fi daɗewa. Mai iyo a kwance yake, ruwa na danna masa ciki, sai ƙwannafi ya taso, ko suka a gefen ciki ƙarƙashin haƙarƙari, ko amai. Aman ne abin tsoro, don in ya shaƙe shi a inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ruɗewa za ta biyo. Wanda ya cika ciki dam ya ba shi minti 30 zuwa awa guda kafin iyo mai ƙarfi. Wanda ya ɗan taɓa kaɗan ya shiga abinsa. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin kuwa, shiga da yunwa ne haɗarinsa, sukari ya faɗi yana tsakiyar ruwa.

'Yar Gidan Yawa: Kakarmu, Allah ya ji ƙanta, tana da wannan doka, amma ba ta taɓa ambaton jijiya ba. In an gama cin rana sai ta kafa kara a ƙasa, ta ja layi, ta ce ba mai zuwa ruwa sai inuwar karan ta taɓa layin. Da aka matsa mata da tambaya, cewa ta yi bayan cin abinci manya duk barci ke ɗibarsu, mata kuma na wanke-wanke, to wa zai sa ido? Lokacin da inuwa ta kai, ta gama aikinta, sai ta ɗauki tabarma ta zauna a bakin ruwan, tana ƙirga kawuna da baki. Ranar da ba ta da lafiya, ko an wuni ba a ci komai ba, ba mai shiga.

Malamin Iyo: Amin. Hajiya, kakarku ta riga masana. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, bakinsa na neman iska ne kawai, cikin daƙiƙa 20 zuwa 60 ya ɓace. Ƙaramin yaro, babba ya tsaya inda hannunsa zai kai gare shi.

Ɗan Talaka: Masu neman ƙuri'a ma da wannan karin maganar suke rabon kuɗi. Su jawo rijiyar duka, su bar mu da guga.

Dattijo: Ka ga, ya dawo kan fassarata. Jari ne.

Mai Ceto: Ni wadda ta dace da wurin ita ce iya ruwa fidda kai. Jijiya takan ɗaure ko da ciki wayam, gajiya da sanyin ruwa ke kawo ta, galibi a sha-raɓa. In ta kama ka, kada ka yi kokawa. Juya rigingine, miƙe ƙafar, ja yatsun zuwa ƙwauri har ta saki, sannan ka nufi gaɓa da hannu. Abubuwan da ke cin manya a ruwa su ne giya da ƙwaya, farfaɗiya, da shiga kai kaɗai.

Mai Tambaya: To me zan gaya wa uban?

'Yar Gidan Yawa: Fara tambayarsa, in awar ta cika, shi zai raka yaron ko barci zai koma?

Dattijo: Har yanzu ba wanda ya nuna mini rijiya a cikin maganar iyo.