Neman shawara: motata ta ƙara shan mai tun da sanyi ya kama a Winnipeg

Abban Sadiq, Winnipeg

Assalamu alaikum jama'ar gida. Wannan ne hunturuna na farko a Manitoba, kuma maganar mota ce ta hana ni sakat. Na sayi Corolla ta hannu, ƙirar 2013, a lokacin zafi. A wancan lokacin allon gabanta yana nuna lita 7 da ɗoriya a kilomita 100. Da Disamba ta shigo sai ta haura 11, wannan makon kuwa da ake kwana a digiri 30 ƙasa da sifili har 13 na gani. Zirga-zirgata ba ta canza ba: in ajiye yara a makaranta, in wuce wurin aiki da bai kai kilomita 7 ba, da yamma in dawo. Da safe nakan ta da ita in bar ta minti 20 ta yi zafi kafin mu fito, haka ma in an tashi daga aiki.

Wani abokin aiki ya ce filogi ne, in canza. Wani ya ce in koma shan man nan mai tsada. Ni kuma zuciyata ta fara raya mini ko gidan man ne suke taɓa mita, irin abin da muka saba gani. Abin da ya ƙaru a kuɗin mai daga na aikawa gida nake cirewa, kuma kun san halin da ake ciki can tun da aka janye tallafin mai a 2023. Don Allah waɗanda suka daɗe a nan, motar ce ta lalace ko haka kowa yake fama?

Baban Hafsat, Edmonton

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da zuwa ƙasar ƙanƙara. Ka bar filogin nan tukuna, kuma ka wanke gidan mai daga zargi. Famfunansu hukumar awo ta tarayya ce ke duba su, in ka lura za ka ga sitikarta a jiki.

Amsarka tana cikin tambayarka. Ma'aikatar albarkatun ƙasa ta Kanada ta ce mota in tana tsaye inji na aiki, duk minti 10 tana ƙona tsakanin rubu'in lita da rabin lita, ya danganta da girman inji. Kai minti 20 da safe, 20 da yamma. Ko mun ɗauki mafi ƙanƙanta saboda injinka ƙarami ne, ka ga kusan lita guda kenan kullum, taya ba ta juya ba. Ainihin tafiyar taka kuma, zuwa da dawowa, da kyar take cin fiye da lita ɗaya da 'yan kai. Wato man da kake ƙonawa a ƙofar gida ya kusa kamo wanda kake ƙonawa a kan titi, shi kuwa allon mota duka yake haɗawa ya raba da 'yan kilomitocin da ka yi.

Injiniya, Saskatoon

Alhaji ya taɓo babban. Bari in ƙara, don kada ka daina ɗumama mota ka ga ba ta koma lita 7 ba ka ce mun yaudare ka. Ba za ta koma ba sai bazara.

Inji mai sanyi dole kwamfutar mota ta ba shi mai fiye da ƙima, saboda fetur ba ya tashi ya gauraya da iska yadda ya kamata in ƙarfe ya yi sanyi. Bakin mai da man giya sun yi kauri, inji yana kokawa da su kafin ya kai ga tura motar. A tafiyar kilomita 6 ko 7, daidai lokacin da ya fara samun zafin da yake so kai kuma ka iso ka kashe shi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta auna wannan: a tuƙin cikin gari, nisan da lita ke kai ka yana raguwa da kusan kashi 15 cikin 100 a digiri 7 ƙasa da sifili in an kwatanta da digiri 25, a gajeruwar tafiya kuma har kashi 24. Wannan fa a 7 ne. Kai kana maganar 30.

Sai ƙananan abubuwa da suke taruwa. Fetur ɗin hunturu daban ake haɗa shi don mota ta yi saurin tashi, kuma ƙarfin da ke cikin litarsa bai kai na lokacin zafi ba. Iskar taya tana sauka da kusan maki ɗaya (psi 1) duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6, don haka in tun Oktoba rabonka da awo, je ka auna, adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba. Ga dusar ƙanƙara da taya ke turawa, ga fanka da wayoyin ɗumama gilashin baya suna jan wuta.

Maganar barin mota ta daɗe tana zafi gadon zamanin kafireto ne. Motar injekta, ka ta da ita, ka ba ta rabin minti zuwa minti ɗaya, ka ja a hankali ba tare da take totur ba. A tafiya take saurin yin zafi. Man mai tsada kuwa, littafin Corolla bai nema ba, kuɗinka kawai zai ci.

Maman Ilham, Winnipeg

Injiniya, da girmanka, amma wannan rabin mintin naka a Saskatoon ma ban yarda kana yin sa ba ranar da aka tashi da 35. Ku maza lissafin inji kuke yi, ni lissafin yara uku nake yi. Da zarar mun shiga numfashinmu ya rufe gilashi daga ciki ya daskare, wa zai hau titin Pembina da gilashin da ba ya gani? Ni minti 5 nake ba ta, a cikinsu nake kankare gilasai da share rufin mota, kafin in gama iska mai ɗumi ta fara fitowa. Minti 20 dai ya yi yawa, Abban Sadiq, wannan na yarda.

Kuma don Allah kada ka bar ta a kunne da makulli ka koma ciki shan shayi. Duk hunturu 'yan sandan garin nan sai sun yi gargaɗi, lokacin ne ɓarayin mota suke samun ta a sama. Ruwan zafi ma kada ka kuskura ka watsa wa gilashi, tsagewa zai yi.

Injiniya, Saskatoon

Hajiya kin fi ni gaskiya a kan gilashi, ba a tafiya sai ana gani. Abin da nake nufi inji ba ya bukatar jiran, mutanen ciki ne suke bukata. Minti 5 ɗinki ba ni da ja.

Baban Hafsat, Edmonton

Duk mun bar muhimmin abu. Ƙanena, leƙa gaban motarka, wajen ragar da ke ƙasan bonet. Akwai igiyar wuta mai kai uku tana leƙowa? Yawancin motocin da aka sayar a Manitoba, Saskatchewan da Alberta da ita suke zuwa. Ita ce ta hitar inji, bulok hita. Tana ɗumama ruwan inji tun kafin ka ta da mota, sai ta tashi ba wahala, ta daina zuƙar mai da wuri, hitar ciki ma ta yi saurin kawo ɗumi. Sandunan soket da kake gani a wuraren ajiye mota na gidajen haya da ma'aikatu, aikinsu kenan. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a jona in sanyi ya kai 15 ƙasa da sifili. Ba sai ta kwana a jone ba in kai ke biyan wuta. Sayi ɗan agogon soket na waje ka saita ya kunna awa biyu zuwa uku kafin fitarka. Igiyar ƙari kuma ka nemi ta waje wadda aka yi don sanyi, ta cikin gida tsagewa take yi. Sannan ka rataya wani abu a sitiyari da zai tuna maka ka cire, don babu wanda ya yi shekara a nan bai ga mota tana jan igiya a titi ba.

Abban Sadiq, Winnipeg

Ikon Allah. Yanzu na fita na duba, tana nan an cusa ta a bayan lamba. Soket ma akwai a wurin da nake ajiyewa. Alhaji, Allah ya saka da alheri.

Usta, Ƙofar Ruwa, Kano

Ni dai ina karanta ku ina jan bargo, mu da ake 12 a sama da sifili muke cewa hunturu ya yi tsanani. Amma ga tambaya ta bakanike: allurar zafin inji tana hawa tsakiya kuwa in ka yi tafiya? In ba ta hawa, a duba tamostat, wato abin da ke tsare ruwan inji har ya yi zafi. Mu nan da yawa cire ta ake yi a jefar wai don kada mota ta yi zafi, ni ma ba na goyon bayan haka, balle ku can. In ta maƙale a buɗe inji ba zai taɓa kai zafinsa ba, kuma mai zai yi ta sha.

Injiniya, Saskatoon

Usta ya kawo magana. Alamarta biyu: allura tana ƙasa ko bayan tafiyar minti 20 a babban titi, hita kuma tana hura iska mai ɗumi-ɗumi kawai. In ka ga haka, nan ne za ka je gareji, kuma gyaran ba mai tsada ba ne. Tunda an zo kan halayen gida, biyu ka bar su a can. Bakin mai 20W-50 da aka saba juyewa, a sanyin nan kamar zuma yake zama a cikin inji. Naka 0W-20 ne, duba murfin wurin zubawa za ka gani. Ruwan famfo kuma ba ya shiga lagireto, daskarewa zai yi ya fasa inji.

Auta, Brandon

Yayyena, ni dabarar da nake yi ba na cika tanki, na dala 20 nake sha don kada mota ta yi nauyi. Kuma ina duba GasBuddy, manhajar farashin mai, kafin in fita. Man ma ai ya yi sauƙi lokacin da gwamnatin tarayya ta cire harajin hayaƙi a kan fetur ranar 1 ga Afrilun 2025, senti 17 da ɗoriya a lita. Na lardi ne ya dawo a 2025, senti 12 da rabi, bayan hutun da gwamnatin Wab Kinew ta bayar a 2024.

Baban Hafsat, Edmonton

Auta, duba farashi ba laifi, in dai ba za ka tsallaka gari don rangwamen senti 3 ba. Amma wannan dabara ta tanki ka bar ta yau. Lita 25 ta fetur ba ta kai kilo 20 ba, motarka ba ta ma san da ita ba. Kai da kake bin babbar hanya tsakanin Brandon da Winnipeg, wadda ake rufewa in guguwar ƙanƙara ta taso, ranar da ka maƙale man da ke tankinka shi ne wutar da za ka ji ɗumi da ita har a zo. Kada ya sauka ƙasa da rabi. In hakan ta faru, zauna cikin mota, ka riƙa kunna ta kamar minti 10 a kowace awa, ka ɗan sassauta gilashi, kuma kafin kowace kunnawa ka fita ka tabbatar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. Saboda shi ne ma ba a ɗumama mota a cikin garejin gida, ko da ƙofa a buɗe.

Abban Sadiq, Winnipeg

Na gode ƙwarai jama'a. Zan sayi agogon soket gobe, in auna taya, in rage jiran zuwa na Hajiya. Saura tambaya ɗaya: tayoyin hunturu da ake ta cewa in saka, ba za su ƙara mini shan mai ba?

Maman Ilham, Winnipeg

Za su ɗan ƙara, amma tsaya, kana nufin da tayoyin zafi kake kai yara makaranta a Janairu? Roban taya ta yau da kullum tun daga digiri 7 take fara taurare, birki ba ya kama ta a kan ƙanƙara. In kuɗi ne matsalar, MPI, hukumar inshorar mota ta Manitoba, suna da bashi mai sauƙin ruwa na tayar hunturu, a shagon tayar ake cike takardar. Ka nemi masu tambarin dutse da ƙanƙara a gefe, kuma guda huɗu za ka saka, ba biyu ba.