Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, har a lissafin bak?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya saura kaɗan a ba hammata iska a ƙofar gidanmu kan wannan karin magana. Ƙanena yana rubuta bak, jarrabawar gama sakandare ta nan Nijar, seri D, ɓangaren kimiyya. Da suka fito daga lissafi sai suka taru su shida gindin bedi, kowa ya zaro buruyonsa, wato takardar da ya yi gwajin lissafi a kai, daga aljihu ana gwada amsa. A tambaya ɗaya biyar sun samu 3/10, shi kaɗai ya samu 3/20. Sai ɗayansu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haƙuri za ka yi, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi." Yaron nan bai taɓa tuwon dare ba, ga fizik na jiransa yau. Da abokin ya biyo shi gida na tare shi, na ce ya ɗauko magana ya ajiye ta inda ba wurinta ba. Ni a sanina maganar ƙarfi ce, ba ta gaskiya ba. Ko na zalunce shi?

Mai Shayin Mokoyo: Ba ka zalunce shi ba, yaya. Amma fa kai biyar ya fi kai ɗaya. In mutum biyar suka ce shayina ba sukari, ƙarawa nake.

Mushe na Zariya: Shayi daban, lissafi daban. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, na yi shekaru ina gyaran takardun bak. Ana rufe sunan ɗalibi kafin takarda ta zo hannunmu, kuma ba ma ƙirga mutum nawa suka ba da amsa iri ɗaya. Hanyar da yaro ya bi muke dubawa, ko ya kuskure a ƙarshe yana tsira da makin hanya. Ku tambaya, wataƙila biyar ɗin wurin malami ɗaya suke darasin dare, in ya koya musu kuskure duk su kwasa tare. Wannan gwajin amsa ya fi dacewa da JAMB, jarrabawar shiga jami'a ta maƙwabtanmu Najeriya, inda ake zaɓen A, B, C ko D a kwamfuta, maki bisa 400. Mu nan 10 bisa 20 ake nema, kuma kowace jarrabawa da nauyinta. Ka faɗa masa haka.

Almajirin Sura Bildi: Musulmi 313 ne a Badar, Ƙuraishawa kusan 1000. Ina sarkin yawa ranar?

Ƴar Madarunfa: Malam, ka bari in ba ku abin da kakata ta ba mu, Allah ya jiƙanta. Ita ba ta faɗin karin maganar nan sai da labarin ubanta. Ta ce tana yarinya, bayan shekarar da gulbi ya ci tsohon garin Maradi, 1945, aka yi ruwan farko da dare. Gari na wayewa ƙauye duka ya fita da sungumi, mata da yara na bin baya da ƙwaryar iri. Shi baba ya je gona, ya durƙusa, ya tona ƙasa da hannu. Bai kai kamu ɗaya ba ya taɓo busasshiya. Ya karkaɗe hannu ya dawo gida ya rataye sungumi. Matansa biyu suka yi ta roƙo, ya ce wannan ruwan ba na shuka ba ne. Kakata ta ce ko rijiya ta je sai ƴan mata su riƙa yi mata waƙa, wai ɗiyar mai jiran ruwan Makka.

Aka yi kwana ashirin da wani abu sama ba ko gajimare. Geron mutane ya tsiro, ya yi ja, da yawa ya ƙone. Da ruwan kirki ya sauka shi ya shuka, nasa ya tashi baƙi ƙirin, abin sha'awa.

Almajirin Sura Bildi: Allahu akbar. To kun ji.

Ƴar Madarunfa: Ban gama ba, malam. Sauran mutane ɗan abin da ya tsira musu ya riga nasa nuna, suka yanke suka ɗaure. Sai ya zama gonarsa kaɗai ke tsaye a dajin nan. Tsuntsun da ya kamata ya rabu kan gona ɗari duk ya sauka kansa. Ta ce tun asuba suke kan rumfa da gwangwani da majajjawa, har muryarta ta dishe, hannunta ya yi kanta. Dami kaɗan suka kai rumbu. Da rani maƙwabtan da suka yi masa dariya su suka auna masa hatsi. Nan take tsayawa ta ce, "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi." Ba ta taɓa cewa ubanta ya yi kuskure ba, kuma ba ta taɓa cewa ya ci riba ba.

Ɗan Bagalam: Hajiya, labarin nan ya taɓa ni. Amma tsuntsu ba ya sauka kan takardar jarrabawa.

Direban Ɗan Isa: Yana sauka mana, ranar ɗaukar aiki, hhh. Ni sarkin yawan da na sani na haya ne. Lokacin kanfe na sha cika mota da mutanen ƙauye, kowa jaka ɗaya da turmin atamfa, a je fili a ɗauki hoto a ce gari ya amsa. Gobe in kwashi mutanen nan dai in kai wa abokin hamayyarsa.

Mai Shayin Mokoyo: Kuma ɗiyansu ba sa gwada amsa gindin bedi, suna can waje.

Hajiyar Ali Ɗan Sofo: Don Allah ku bar siyasa, kar a rufe mana zaure. Ni a gidanmu lokacin gayya ake faɗinta, ko in kishiyoyi sun haɗe wa maigida kai. Ban taɓa jin an auna gaskiya da ita ba.

Mushe na Zariya: To ai kishiyoyin ma sau da yawa su ke da gaskiya, hajiya.

Almajirin Sura Bildi: Ba wanda ya amsa mini maganar Badar.

Direban Ɗan Isa: Ƴar Madarunfa, shi tsohon, da damina ta zagayo ya bi jama'a?

Ƴar Madarunfa: Ina! Ya sake durƙusawa ya tona. Har ya rasu haka yake yi.

Ɗan Bagalam: Na kai yaron fizik da safe, ya sha kunu kaɗan. Na karanta masa maganar mushe a hanya. Zan je in jira shi bakin ƙofa da babur, yana fitowa mu wuce gida, kafin su kai gindin bedin nan.