Ɗana ɗan shekara 8 ya gagare ni, taurin kai ne ko ciwo?

Maman Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, na gaji da ɓoye abin nan. Yarona na tsakiya shekararsa 8, yana aji uku. Tun daga yaye ake ce masa sarkin ƙiriniya muna dariya, kakarsa na cewa babansa ya biyo. Yanzu dariya ta ƙare. Zangon nan kaɗai sau uku aka kira ni makaranta. Malamarsu ta ce ba ya minti biyar a kan benci, in ana tambaya ya jefo amsa tun ba a rufe baki ba. Fensir dozin na saya farkon wata, yau babu ko ɗaya. Ranar Laraba da takalmi ƙafa ɗaya ya dawo.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ke ci min rai gardamarsa ce. Jiya na ce ya cire kayan boko ya sa na Islamiyya, ya ce ba zai cire ba. Na maimaita, ya ce "ai ba ke kika saya min ba." Da na ɗaga murya sai ya ɗauki kofin kunun ƙanwarsa ya kifar a tsakar gida yana kallon cikin idona. Babansa ya dawo, yaron ya ce ƙanwar ce ta zubar. Ya sha bulala, ko hawaye bai yi ba, da safe muka koma gidan jiya. Mun ba shi rubutu, an yi masa tofi. Yayan babansa ya ce a kai shi ƙauye wajen wani malami ya gyaru, amma hankalina bai kwanta ba.

Dattijon Unguwa:
Hajiya, sangarta ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku daina tausayinsa kawai.

Nas Ɗin Yara:
Baba, da girmanka, ai ta ce ana dukansa. Da bulala na maganin wannan da tuni ya warke.

'Yar uwa, ina aiki a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba za a iya yanke hukunci ba sai likita ya gan shi, amma abin da kika zayyana iri biyu ne, kada ki haɗa su. Zubar da fensir, kasa zama, katse magana, waɗannan sun yi kama da ADHD, wato matsalar rashin natsuwa da yawan motsi. Kusan yara 5 cikin 100 ke da ita a duniya, an fi ganinta a maza. Kafin a ce ita ce, sai alamomin sun fara kafin shekara 12, sun kai wata 6, kuma ana ganinsu a wuri biyu aƙalla, kamar gida da makaranta. Mai wannan ba ƙi yake yi ba, kasawa yake yi.

Kifar da kunu da gangan, musu da babba, ɗora laifi a kan wani, saurin fushi da ramuwa, wannan kuma ODD ake kiransa, matsalar bijirewa. Alamominsa 8 ne, ana neman 4 su ɗore wata 6, kuma ba da 'yan uwansa na ciki ɗaya kaɗai yake yi ba. Sau da yawa biyun tare suke zuwa. Ki duba, yaron da tun asuba "kai bari", "kai zauna", "mara ji" kawai yake ji, wata rana zai daina jin zafin faɗa ya koyi ramawa. Wani masani a Amurka, Gerald Patterson, ya daɗe yana nazarin haka a cikin iyalai: uwa ta yi umarni, yaro ya ƙi, ta yi tsawa, ya ƙara, ƙarshe ko ta haƙura ko a yi duka. In ta haƙura ya gane tuburewa na biya, in an dake shi ya gane mai ƙarfi ke da gaskiya.

Ki kai shi a fara duba kunnensa da idonsa da barcinsa. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da yaro ke ƙurawa wuri ido na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗauka raini ne. Ban san garinku ba, amma akwai Asibitin Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Ki nemi malamarsa ta rubuto abin da take gani, ki tafi da shi. Akwai magani irin su Ritalin da ke taimaka wa natsuwa, amma likita ke rubutawa, kar ki saya a kemis. Ita bijirewa ba ta da ƙwaya tata, iyaye ake koya wa dabarun tafiyar da yaro. Addu'a ku ci gaba, amma ƙauyen nan don Allah a dakata.

Baban Tagwaye:
Maman Uku, na ga irin wannan a gidana. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne daina aiko umarni daga ɗaki. Yanzu sai na je gabansa, na dafa kafaɗarsa, na faɗi abu ɗaya tak: "cire riga." Ba "cire riga ka yi alwala ka ɗauko allo" ba, na ukun ya ɓace tun kafin ya kai ƙofa. In ya yi, nan take na ce "madalla, ka cire da wuri." Da farko kunya ma nake ji, mu da ba a saba yabon ɗa a gabansa ba. Kullum bayan magariba ina ba shi minti goma muna buga ƙwallo a soro, ba gyara ba faɗa. Makon farko abin ƙaruwa ya yi, har mahaifiyarsa ta ce na lalata shi. Sai wajen wata biyu muka ga sauƙi. Har yanzu yana ɓatar da fensir, ni dai na koma raba kowanne gida biyu.

Maman Uku:
Na gode, Allah ya saka da alheri. A Kano muke. Na nuna wa babansa, ya yi shiru, sannan ya ce shi ma sau biyu aka kore shi a firamare. Ya yarda mu je asibiti ranar Litinin. Sauran yadda za mu faɗa wa yayansa, don har ya yi wa malamin magana.