Alhazai, ta yaya kayanku da suka ɓata suka dawo hannunku?

Ɗan Hajiya, Kano: Assalamu alaikum jama'a. Mahaifiyarmu za ta sauke farali bana in Allah ya yarda. Ba ta yi boko ba, wayar ma sai dai a kira ta ta ɗaga. An raba musu jakunkuna, duk iri ɗaya launi ɗaya. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa, me kuka rubuta a jikin kayanku? Wanda kuma nasa ya ɓata ya samu, ta wace hanya?

Hajiya daga Zariya: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya kai ta lafiya ya dawo da ita lafiya. Kada ka bari ta ɗaura ƙyallen atamfar alhazai a hannun jaka da sunan shaida. Rabin jirgi dabararsu ke nan, kuma atamfar ɗaya ce. Ranar da muka dawo, jakunkuna aka zube mana a sansanin alhazai kamar buhunan hatsi a Dawanau, kowa a gajiye, 'yan taryar alhazai suna ta ja. Tawa wata baiwar Allah ta wuce da ita har ƙauyensu. Takardar da aka manna mini a waje da salatif tun a Jidda ta ɓare. Abin da ya taimake ni, ɗana ya sa wata takardar a leda ya ɗora a saman kaya daga ciki, da sunana da ƙaramar hukumarmu da lambarsa. Tana zuge zif ta ci karo da ita. Mijinta ya kira yana ta ba da haƙuri, ya sa aka kawo mini har gida, ko dabino ɗaya ba a taɓa ba.

Tsohon malamin bita: Hajiya ta gama magana. Ƙari kawai, a rubuta da alƙalamin maka mai kauri a jikin jakar kanta, gaba da baya da ƙasa. Suna yadda yake a fasfo, ba "Hajiya Babba" ko "Maman wane" ba, domin jami'in da zai duba sunan a takardar jirgi bai san wannan ba. A sa sunan jiha. A kuma ɗauki hoton jakar da waya kafin a kai ta awo. Na sha tsayawa da alhaji a wurin cigiya, a tambaye shi kamannin jakarsa ya ce "irin ta kowa ce".

Alhaji daga Maraɗi: Ni ta salula zan faɗa muku. Abokin ɗakina ya liƙa lamba a bayan tasa, amma lambar salular ce kanta. Da ta faɗi a hanyar jifa, in an kira wa zai ɗauka? Ta tafi ke nan. Ni lambar jagoranmu ta Saudiyya na liƙa, mai farawa da +966, sai ta WhatsApp ɗin ƙanena da +227 a gaba. Na manta tawa a wurin alwala a Mina, wani ɗan Indonesiya ya tsinta. Ba ya jin Hausa, jagoranmu ba ya jin nasu, da ɗan guntun Larabci da lambar tanti suka fahimci juna. Ku na Najeriya ku sa +234, in ba haka ba baƙo ba zai san ta wace ƙasa ba ce.

Maman 'yan biyu: Takalmi kam ku cire rai. Na rubuta suna, na haddace ƙofar Masallacin Harami da na shiga, ta Sarki Fahad mai lamba 79, na fito babu shi. Tun daga nan sai 'yar jakar baya, in cire in jefa ciki in shiga da abina. Ku sai wa Hajiya irinta.

Almajirin ilimi: Baba malamin bita, a yi mini afuwa in ɗan ƙara. Rubutu a waje yana da kyau, amma kada a fallasa komai. A hadisin Zaidu bn Khalid da ke Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya umarci mai tsintuwa ya san mazubinta da maɗaurinta, sannan ya yi cigiya shekara guda. Ke nan da siffa ake gane mai kaya na gaskiya. A bar wata shaida a ɓoye wadda mai kaya kaɗai ya sani, ko ɗinkin jan zare a cikin aljihu, musamman jakar guzuri. Tsintuwar Makka kuma ba ta halatta a ɗauka sai ga wanda zai yi cigiyarta. Ku tuna hajiyar Zamfara da ta tsinci dala 80,000 a hajjin 2023 ta miƙa wa jami'ai. Masu amana suna nan, hanyar da za su same ka ce takan yi wuya.

Hajiya daga Zariya: Gaskiya ne malam. Ni dai ban yarda a rubuta lambar ɗaki a jikin makulli ko jakar kuɗi ba. Sunan masauki ya isa.

Ɗan Hajiya, Kano: Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. To ita kanta fa, in ta rabu da 'yan ɗakinsu?

Tsohon malamin bita: Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji da Saudiyya ke bayarwa, ya zauna a wuyanta ko banɗaki za ta, tun hajjin 2024 ba a shiga Mina da Arfa sai da shi. Suna isa masauki ta karɓi katin otal ɗin mai adireshi da Larabci ta haɗa su a igiya ɗaya. Ka kuma samu wata mai ƙuruciya a cikin ayarinsu tun kafin a tashi, ka karɓi lambarta, ita za ka rubuta a bayan katin.