Ɗakina ya yi duhu tun shigowar ɗari, me zan ɗan gyara?

Amarya, Mabera: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wannan ne hunturuna na farko a ɗakina, kuma tun da hazo ya sauka a watan Disamba na rufe tagogi saboda ƙura, sai ɗakin ya koma kamar kullum magariba ce. Maigida yana fita tun da safe, ni kuwa sai in wuni kasala ta rufe ni, ko shara ba na marmarin yi tunda na san kafin azahar ƙurar ta dawo. Ina so in canza wani abu da hannuna wanda ba zai ci kuɗi ba, har na fara tunanin yin fenti. Don Allah a ba ni shawara.

Maman 'yan biyu, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki ajiye maganar fenti tukuna, ki ji abin da ya same ni bara waccan. Irin wannan ƙuncin ne ya sa na matsa wa maigida a watan Janairu har ya kawo mai fenti, na zaɓi ruwan madara, mutumin ya ba mu shawarar fentin mai wai ya fi ƙyalli kuma ana iya goge shi. Ya shafa da hantsi, ya ce a bar tagogi a buɗe domin ya bushe. Da la'asar iska ta taso, kafin mu ankara bangon da ke fuskantar taga ya kwashe ƙura, in kin shafa hannu sai ki ji shi kamar tsakuwa, launin kuma ya koma ruwan ƙasa. Da muka rufe tagogin sai wari ya cika gidan, yara suka kwana tari, dole muka kwashe shimfiɗa muka koma ɗakin surukata har kwana huɗu, ita kuma ba ta gaji da tambayata wa ya aike ni ba. Mai fentin da aka kira ya zo ya gani, cewa ya yi ai shi bai hana iska kaɗawa ba, in ana so ya sake shafawa sai an sake biyansa. In har ya zama dole, fentin ruwa za ki yi, bango ɗaya kawai, wanda ba ya kallon taga, domin yana bushewa da wuri kuma warinsa ba ya daɗewa. Amma ni da za ki ji tawa, ki bari sai ƙura ta lafa.

Hajiya Babba, Gawon Nama: Gaskiya ta faɗa miki, nima an yi mini haka da ƙofar falo.

Malama, Arkilla: Matsalarki ta haske ce kafin ta zama ta launi. Ƙurar nan da iskar arewa maso gabas ke kwasowa, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana tare hasken rana, sannan mu kuma mu ƙara da labulen aure mai kauri wanda aka ɗinka domin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Ki bar gilashin tagar a rufe, ki janye labulen mai kauri gefe, ki bar shara-sharan nan fari ko ruwan ƙwai shi kaɗai da rana, da dare ki sake mai kaurin ya tare sanyi. Ki goge gilashin ciki da waje da tsumma mai ɗanshi, domin sau da yawa rabin duhun a jikinsa yake. Sannan ki ɗauke madubinki daga inda yake ki kafa shi a bangon da ke fuskantar taga, ki kuma canza ƙwan fitila ɗaya daga fari fat ɗin nan zuwa mai ɗan ja-ja. Duk wannan aikin yini ɗaya ne.

Gwaggo, Kanwuri: 'Yata, mu a zamaninmu ba mu san wani fenti ba, jere muke sakewa. Ki samo faifai masu launi biyar ko bakwai, manya da ƙanana, ki jera su a bango sama da kujera, ki shimfiɗa sabuwar tabarmar kaba a inda rana ke faɗowa da hantsi, nan za ki riƙa karyawa. In kuɗinki sun kai, ki aika wajen madunka a sayo miki tumtum na jar fata, aikin da aka san Sakkwato da shi ke nan, sai dai ki riƙa shafa masa ɗan man kaɗanya, domin bushewar hunturu tana tsattsaga fata kamar yadda take tsattsaga dunduniya.

Anti mai ɗinki, Gwiwa: Gwaggo, a yi mini afuwa, amma faifai a bango cikin wannan ƙura ai neman wa yarinya aiki ne, kowane saƙo na jikinsa sai ya cika. Gara ta kawo guntayen atamfofin lefenta a ɗinka mata rigunan filon kujera masu haske, in sun yi datti ta cire ta wanke.

Gwaggo, Kanwuri: Ke dai ciniki kike nema. Faifai kaɗe shi ake yi sau biyu ya koma sabo, filonki kuwa sai an nemo ruwa da sabulu, a shanya, ƙurar ta sake hawa kafin ya bushe.

Anti mai ɗinki, Gwiwa: To Gwaggo, na bi, amma ba a zama a kan faifai.

Ma'aikaciyar jinya, Minanata: Ina roƙon a ba ni dama in sako wata magana, tunda na ga ana batun rufe tagogi, kuma na san turaren wuta zai biyo baya. Ƙamshi yana daɗaɗa rai, ba musu, amma garwashin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana farawa da ciwon kai da jiri, tana kuma kashe mutum a cikin barci. A kunna kasko a tsakar gida har ya ruru, a turara ɗaki na ɗan lokaci ƙofa a buɗe, a fitar da shi, kada a kwana da shi domin ɗumi ko da ɗari ya kai inda ya kai. Amarya kuma, in kasalar ta wuce mako biyu har ta taɓa barcinki da cin abincinki, ki je asibiti a duba ki.

Maman 'yan biyu, Runjin Sambo: Allah ya saka da alheri. Ni na koma na lantarki, sai dai ranar da babu wuta babu ƙamshi.

Hajiya Babba, Gawon Nama: Ba wanda ya ambaci shuka. Ki yanke gwangwanin madara biyu ki huda ƙasansu, ki naɗe su da ƙyalle mai kyau, ki dasa na'ana'a a ɗaya, albasa mai lawashi a ɗayan, ki ajiye a bakin taga. Wannan lokacin ne ma suka fi yi, shi ya sa 'yan fadama ke nomansu yanzu, kuma ganin kore a cikin wannan toka-tokar yana sanyaya ido. Ƙasan ƙofa kuma ki toshe da tsohon tawul mai ɗanshi.

Amarya, Mabera: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na janye labulen na goge gilashin ɗazu, ruwan da na matse daga tsumman har kunya ya ba ni. Madubin ne ya gagare ni, a jikin sif yake.

Malama, Arkilla: Ki nemi ƙarami na ratayewa a Tsohuwar Kasuwa, ba sai kin motsa sif ba.

Gwaggo, Kanwuri: In za ki shiga kasuwar ki biyo ta nan ki karɓi faifai biyu, ki gwada ki gani kafin mai ɗinki ta yanka miki atamfa.

Anti mai ɗinki, Gwiwa: Gwaggo, wane launi ne da wane? In akwai ja da kore a ajiye mini ɗaya.