Daga ina kalmar "aller" ta samo siffofinta uku?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum malamai. Ina koyon Faransanci a nan Kano, kuma aikatau *aller*, wato tafiya, ya ɗaure mini kai. Jiya da daddare na jera siffofinsa a allo ina haddacewa: *je vais*, *nous allons*, *j'irai*, sai ƙanena ya tambaye ni ko kalmomi uku nake karantawa. Shin akwai dalili, ko kuwa hadda ce kawai?

Malam na Kabuga: Wa alaikumus salam. Ƙanenka ya fi ka gaskiya, domin asalinsu kalmomi uku ne na Latin, harshen da ya kafu a ƙasar da ake kira Faransa a yau bayan Yuliyas Kaisar ya ci ta da yaƙi tsakanin shekara ta 58 da ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). *Vais*, *vas*, *va* da *vont* sun fito daga *vadere*, su kuwa *irai* da *irais* daga *ire* suke. Ita *ire* gajeriya ce ƙwarai, siffofinta irin su *eo* da *it* suka yi ta zaizayewa a bakin jama'a, har aka riƙa cike gurbinsu da kalmomin da suka fi nauyi, ta tsira a lokaci mai zuwa (*irai*) da siffar sharaɗi (*irais*) kaɗai. A kan *allons* da *allé* ne masana suka yi saɓani. Mafi yawansu suna danganta su da *ambulare*, wato takawa, tushen da ya ba Turawa sunan motar ɗaukar marasa lafiya, ni ma ra'ayin da na fi karkata gare shi ke nan.

Malama Fagge: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Zan ƙara da cewa Italiyanci ma yana da *vado* da *andiamo*, wato *je vais* da *nous allons*, kuma a lokaci na yanzu rabon nasu ya bi layi ɗaya da na Faransanci. Amma ɗalibi, ka dubi Hausarka: muna cewa "Ina za ka?" da "Za ni Kurmi", inda *za* take nufin tafiya, kuma ita ce dai a cikin "za mu ci". Haka Bafaranshe yake cewa *nous allons manger*.

Ɗan Gwale: Na gode ƙwarai, malamaina. Zan sake jera su a allon gida uku, kowace da tushenta a sama.